Babi na Shida: Wuta a Bayan Ido

Kawuna tela ne a Makera, ta ƙasar Dutsin-Ma, ya fi shekara talatin yana taka keke a rumfa ɗaya. Ranar da likita a Kano ya ce za a yi wa idonsa aiki da lesa, sai ya tambayi mene ne lesa. Likitan bai ɓoye masa komai ba. Ya ce haske ne mai ƙarfi, za a tura shi ta baƙin ido ya wuce can baya, ya ƙona wurare ƙanana-ƙanana sama da dubu. Kawu ya yi shiru, ya gyara zaman hularsa, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗan nan, tashi mu tafi gida. Ni da na zo a gyara mini ido, shi ne za a sa masa wuta?"

"Kawu, ka bari ya gama bayani mana."

"Ai ya gama. Na ji."

Ban ga laifinsa ba a ranar, har yau ma ban gani ba. Mutumin da ya taso a garin da sunansa kansa ke tuna wa mai ji da zuga-zugi da uwar maƙera ya san abin da wuta ke yi wa ƙarfe, balle tsoka. Ya ga sakiya da idonsa, an sa kibiya a garwashi ta yi ja an huda kumburi. Ya ga lalas a cinyar shanu. Tun yana yaro ake ja masa kunne kada ya matsa kusa da maƙeri yana dukan ƙarfe, don kada tartsatsi ya faɗa masa a ido. To yau ga mai farar riga yana cewa tartsatsin nan shi ne magani. Dole hankali ya ƙi. Sai dai a cikin duk abin da likitancin zamani ya samo wa mai ciwon sukari, kaɗan ne suka hana makanta kamar wannan wutar, kuma a ganina babu wanda ya dace da halin mutanen karkararmu kamarta.

Kafin a gane maganin sai an gane ɓarnar. A bangon baya na cikin ido akwai wani siririn tantani, kaurinsa bai wuce na takarda biyu ko uku ba, likitoci na kiransa retina. Shi ke karɓar haske ya mai da shi saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, da ƙwayoyin gani kusan miliyan ɗari da ke shimfiɗe a jikinsa. A tsakiyarsa akwai ɗan wuri da faɗinsa bai fi ƙwayar wake ba, wanda zan riƙa kira cibiyar gani. Da ita tela ke zura zare a allura, da ita almajiri ke bambance wasalin sama da na ƙasa, da ita ake gane fuskar mai sallama. Sauran tantanin, wato gefe-gefensa, shi ke hango akuyar da ta gitta ta wutsiyar ido, shi ne kuma ke ɗaukar nauyin gani in dare ya yi.

Tantanin nan mayunwaci ne. In aka auna nauyi da nauyi, sassan jiki kaɗan ne ke shan iskar oksijin kamarsa, jini kuwa ke kawo masa ita ta hanyoyi sirara da suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Duk wanda ya yi noman rani a ƙasan dam ɗin Zobe ya san abu biyu da ke samun magudanar ruwa: ko ta yi yoyo, ko ta toshe. Su ne sukari ke yi wa hanyoyin jinin ido in ya daɗe yana hawa. Inda suka yi yoyo, ruwa da maiƙo su tsattsafo su taru, in tarin ya zo kan cibiyar gani sai ta kumbura, rubutu ya fara karkacewa, fuskoki su dushe. Inda suka toshe, yankin da suke shayarwa ya faɗa cikin yunwa. Yankin da ke jin yunwa kuwa ba ya yin shiru. Yakan saki wani sinadari, in kira shi ɗan aike, wanda saƙonsa ɗaya ne: a toho da sababbin hanyoyin jini. Jiki ya amsa, su toho. Amma hanyoyin gaggawa ne marasa ƙwari, kuma maimakon su shiga inda ake bukatarsu sai su yaɗu a saman tantanin kamar yaɗon kabewa, su kutsa cikin ruwan nan mai kauri kamar farin ƙwai da ya cika ido. Wata rana su fashe, jini ya cika ido. In aka daɗe, su bar tabo mai jan tantanin har ya ɓamɓaro shi daga bango. Wani lokaci ma su toho a gaban ido su toshe mafitar ruwansa, a samu hawan jinin ido mai azabar ciwo.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan cuta shi ne shirunta. Duk wannan ɓarna tana iya ɗaukar shekaru ido bai yi ja ba, bai yi kwantsa ba, bai yi ƙaiƙayi ba, mutum na ɗinkinsa yana karatunsa. Kawu ya shekara goma sha ɗaya da ciwon sukari. Ya gano shi ne ta hanyar da yawancin mutanenmu ke ganowa: yawan fitsarin dare, ƙishirwar da randa ba ta kashewa, rama, da kiyashi da ke taruwa inda ya yi fitsari. Yakan sayi ƙwayoyinsa a kemis in ya ji jiki ya yi nauyi, ya ajiye in ya ji sauƙi. A duk shekarun nan babu wanda ya taɓa ɗiga masa magani ya buɗe baƙin idonsa ya leƙa ciki. Sai wata safiya bayan sallar asuba ya ga wasu baƙaƙen zaruruwa na yawo a idonsa na dama kamar saƙar gizo-gizo. Kafin azahar idon ya rufe, ba ya ganin komai sai duhu mai ja-ja.

Maƙwabta suka ce yana ce, suka kuma ba da shawarar a jira mai yawo kasuwa-kasuwa yana tura yanar ido da tsinke. Ba ƙaramar al'ada ba ce wannan. Babban binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, wanda ya duba mutane sama da 13,000 'yan shekara arba'in zuwa sama, ya samu cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, irin wannan turawar aka yi musu, kuma yawancinsu ba su samu gani na kirki ba. Ga mai jini a bayan ido kuwa, tsinken ba shi da abin da zai tura, sai dai ya ƙara rauni a kan rauni. Binciken nan dai ya nuna cewa kusan rabin waɗanda aka samu da ciwon sukari ba su san suna da shi ba, kuma a cikin waɗanda aka ɗauki hoton bayan idonsu, wajen ɗaya cikin biyar cutar ta riga ta taɓa tantanin. Allah ya sa kawu bai jira mai tsinke ba.

Tarihin yadda aka fara ƙona ido don a cece shi ya faro ne daga irin abin da mutanen Katsina suka gani da idonsu. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, rana ta yi husufi cikakke, inuwar wata ta ratsa ta Gusau da Katsina ta wuce Maraɗi. Gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki, aka cika masallatai. Kwana da kwanaki kafin ranar rediyo na gargaɗin kada kowa ya kalli rana da tsirarin ido, domin madubin da ke cikin ido yana tattara haskenta wuri ɗaya ya ƙona tantani, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi.

Irin wannan husufin aka yi a Turai a watan Yuli na 1945, wasu suka ƙi jin gargaɗi. Wani matashin likitan ido a Jamus, Gerhard Meyer-Schwickerath, ya duba idanun da rana ta ƙona, ya ga tabon da ta bari. Abin da ya lura da shi shi ne tabon ya manne tantanin da bangon ido gam, irin mannewar da likitoci ke shan wahalar samarwa da ƙarfe mai zafi daga wajen ido. Sai ya yi tunani: in rana ta iya yin wannan a inda ba a so, me zai hana a sa ta yi a inda ake so? Ya kafa madubai a kan rufin asibitin ido na Hamburg masu bin rana suna tura haskenta, a 1949 ya yi wa majinyaci aiki da ita. Matsalarsa gajimare. Hamburg ba Dutsin-Ma ba ce, sai a yi kwanaki rana ba ta leƙo ba, majinyaci na kwance yana jira. Don haka ya koma neman fitila mai ƙarfin rana, har kamfanin Zeiss ya ƙera masa ɗaya a 1956. Tana aiki, amma ƙunarta babba ce, mai zafi, sai an yi wa ido allurar kashe ciwo mai zurfi.

A watan Mayun 1960 Theodore Maiman ya kunna lesa ta farko a duniya a Kalifoniya ta Amurka. Bambancinta da fitila shi ne haskenta launi ɗaya ne tak, kuma ba ya watsuwa, ana iya tsuke shi ya sauka a wurin da bai kai kan allura ba. Shekara guda bayan haka likitocin ido a New York suka fara gwada ta a cikin idon mutum. A 1968 Francis L'Esperance ya fara aiki da lesa mai shuɗi-kore, launin da jini da baƙin da ke ƙarƙashin tantani ke sha sosai. Jikokinta ne koren hasken da ake amfani da shi a asibitocinmu yau.

Samun wuta daban, sanin inda za a sa ta daban. Da farko sababbin jijiyoyin ake bi ana ƙonawa ɗaya bayan ɗaya, su kuma su sake tohowa a wani wurin. Don mai karatu ya san yadda hankalin likitoci ya tashi a lokacin, a shekarun 1950 da 1960 har tiyata ake yi a cire wa mai ciwon sukari wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai sarrafa sinadaran jiki, don kawai a tsayar da makanta, mutum ya ƙare rayuwarsa yana shan magungunan maye gurbinsa. A Boston, a cibiyar Joslin ta masu ciwon sukari, William Beetham da surukinsa Lloyd Aiello suka lura da wani abu: idon da ya riga ya sami tabo da yawa daga wata tsohuwar cuta, ba kasafai mugayen jijiyoyin ke tohowa a cikinsa ba, alhali ɗan'uwansa mai lafiya yana lalacewa. Sai suka bar bin jijiyoyi, suka koma zuba ɗigon ƙuna a gefe-gefen tantanin gaba ɗaya, suna kauce wa cibiya. Jijiyoyin da ba a ko taɓa ba suka motse da kansu.

Dalilin ba baƙo ba ne ga wanda ya san kiwo. A shekarar fari, in ciyawa ba za ta ishi garke ba, makiyayi mai hankali yakan kai wasu shanun kasuwa tun suna da ƙiba, don abin da ya rage ya ishi sauran. In ya ƙi, duka za su rame, duka su faɗi. Ɗigon lesa yana kashe wani kaso na ƙwayoyin gani na gefe, masu yawan shan oksijin. Bakunan ci suka ragu, abin da jini ke kawowa ya wadaci sauran, yunwa ta lafa, ɗan aike ya daina fita, jijiyoyin gaggawa suka rasa mai kiransu. Shi kansa ɗan aiken sai a 1989 Napoleone Ferrara ya ware shi a ɗakin bincike, a 1994 kuma ɗan Aiello, jikan Beetham, ya nuna yana da yawa a ruwan idon masu wannan cuta. Wato an shekara ashirin da wani abu ana cin amfanin maganin kafin a kama bakin zaren yadda yake aiki.

Likitoci da yawa sun ƙi yarda da farko, kuma hujjarsu ita ce ta kawu: ta yaya za a lalata lafiyayyen tantani a ce magani ne? Aka raba gardama da gwaji. A farkon shekarun 1970 Amurka ta tara majinyata sama da 1,700 a asibitoci 15. Kowane mutum aka yi wa idonsa ɗaya aiki, ɗayan aka bar shi, ƙuri'a ce ke zaɓar wanne. Zuwa 1976 bambancin ya fito fili har masu binciken suka ga bai halatta a ci gaba da barin idanu masu haɗari ba magani ba: ƙunar ta rage mummunar asarar gani da fiye da rabi. Gwaji na biyu, mai mutum 3,711, ya nuna a 1985 cewa ɗigo kaɗan masu sauƙi a wuraren da ke yoyo kusa da cibiyar gani su ma suna rage dushewar gani da wajen rabi.

Ba wannan tarihin ne ya zaunar da kawu ba. Likitan ne ya ce masa, "Baba, rufe idon hagu." Ya rufe. "Me kake gani?" Ya ce ba komai. "To abin da ya faru da na dama yana hanya a na hagu, na gan shi da idona, jijiyoyin sun riga sun toho. Ban ce zan dawo maka da na dama yau ba. Na hagun nake so in riƙe maka." Kawu ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Zan iya zura allura bayan an yi?" Likita ya ce in Allah ya yarda, don wurin zura allura ba za a taɓa shi ba. A kan wannan ya yarda.

Aikin kansa ba shi da ban tsoro kamar sunansa. Ba yanka, ba ɗinki, ba kwanciya asibiti. Aka ɗiga masa maganin buɗe baƙin ido, muka jira kamar rabin sa'a, aka ɗiga na kashe zafi. Ya zauna ya ɗora haɓarsa a kan na'ura, likita ya manna wani ɗan madubi a kan idon, yana leƙawa yana taka abin kunnawa da ƙafa, yadda shi kawun ke taka kekensa. Kowane taku walƙiya ce koriya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, ta bar ɗigon da bai fi rabin milimita ba. Cikakken aiki yakan ci ɗigo 1,200 zuwa 1,600, wani idon ma fiye, kuma akan raba shi zama biyu ko uku don kada ido ya kumbura. Kawu ya ce yawanci haske kawai yake gani, amma jefi-jefi yakan ji tsukun ciwo can ciki har zuwa ƙeya. Cikin minti ashirin aka gama zaman farko. Ya fito yana ganin duniya dishi-dishi, hasken rana na damunsa, na riƙe hannunsa har tasha. Duk wanda za a yi wa wannan aiki ya tafi da ɗan rakiya, kada kuma ya ce zai tuƙa babur ya koma gida a ranar.

Dole a faɗi abin da ake biya. Shanun da aka kai kasuwa ba sa dawowa. Wanda aka yi wa cikakkiyar ƙuna, ganinsa na gefe yakan ragu, na dare ma haka, wani har ya ji kamar dundumi ya kama shi. Kawu yanzu ba ya fita sallar isha'i sai da tocila. Lesa kuma ba ta ƙara gani, tsare wanda ya rage take yi. A nan ne ake yawan samun saɓani tsakanin likita da majinyaci. Mutum ya sayar da tunkiya ya je birni, aka yi masa aiki, ya dawo bai ga ƙari ba, wataƙila ma ya ga ragi, sai ya ce wa 'yan'uwa wutar nan ce ta kashe masa ido. Labarin ya zaga majalisa, mutum goma su fasa zuwa. Gaskiyar ita ce yawancin masu irin wannan labari sun isa ne a makare, cutar ta riga ta yi nisa, ta ƙarasa abin da ta faro. Haske ba ya ratsa idon da ya cika da jini, ba ya ratsa yana mai kauri, ba ya kuma mayar da tantanin da ya ɓamɓaro. Na jinin da na ɓamɓarewar sai tiyatar da ake shiga cikin ido a zuƙe jinin a yanke tabon, aiki mai tsada wanda masu yin sa a Arewa ba su da yawa. Likitan da ya ɗauki minti biyar ya faɗa wa mutum wannan tun kafin ya kunna na'ura, ya ceci idon mutanen da bai taɓa gani ba.

Yanzu akwai abin da ya zo bayan lesa. Tunda aka gano ɗan aike, aka ƙera magungunan da ke kama shi. Avastin, wanda aka yi don ciwon dajin hanji, a 2005 aka fara zuba ɗan kaɗan daga cikinsa a cikin ido da allura, daga baya Lucentis da Eylea suka biyo. Ga kumburin da ya hau tsakiyar cibiyar gani, allurar ta fi lesa, domin ita tana iya dawo da wani abu daga ganin da ya dushe, kuma duk wanda likita ya ce ita ce maganinsa, ya daure ya yi. Ga mugayen jijiyoyi ma, wani gwaji a Amurka ya nuna a 2015 cewa allurar ba ta gaza lesa ba, ga shi ba ta cin ganin gefe kamarta. Har wasu suka fara cewa zamanin ƙuna ya wuce.

Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a tashar Dutsin-Ma yana jiran mota ta cika ba. Ƙarfin allurar makonni kaɗan yake yi a ido, sai a sake, da farko wata-wata, kuma ana iya shekaru ana yi. Ba ta kashe yunwar tantani, bakin ɗan aike kawai take toshewa, ranar da ta ƙare ya ci gaba da kiransa. A 2019 likitocin asibitin ido na Wills da ke Filadelfiya suka bi sawun majinyatan da suka ɓace sama da wata shida sannan suka dawo. Waɗanda allura kaɗai aka yi musu sun dawo da gani mafi muni, tantaninsu kuma ya fi ɓamɓarewa, in aka gwada da waɗanda aka yi wa lesa. Wannan a Amurka ke nan, inda titi ke da kyau. To ina ga manomin Makera ko na ƙauyukan Kurfi, wanda damina ke ɗaure shi a gona wata huɗu, wanda kuɗin motar Kano zuwa da dawowa, shi da ɗan rakiya, ya isa cefanen kwanaki, wanda a shekarun nan na 'yan bindiga sai ya tambayi labarin hanya kafin ya fito? Mutumin nan zai ɓace wa asibiti, ba don ba ya son idonsa ba. Tabon lesa yana nan a idonsa yana aiki, ko ya dawo ko bai dawo ba. Shi ya sa nake ganin duk likitan da ya ga mugayen jijiyoyi a idon mutumin karkara, ya fara tambayarsa daga ina ya zo kafin ya zaɓa masa magani.

Na'urar lesa da likitan da ya ƙware a tantanin ido, a manyan birane suke. Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa tana Kaduna. Kano na da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin ido na Makka, da na ECWA a Sabon Gari wanda ke duba idon mutanen Arewa tun 1943. Katsina na da nata asibitin ido da asibitin koyarwa na tarayya. Ba na cewa a kai lesa kowace ƙaramar hukuma. Na'ura ce mai tsada, mai son tsayayyar wutar lantarki da mai gyara, kuma likita ɗaya da na'ura ɗaya sun isa su ɗauki nauyin yanki babba. Giɓin yana can baya, wurin gano wanda ke bukatarta tun yana gani garau.

Ingila ta fara wani shiri a 2003: duk mai ciwon sukari ɗan shekara goma sha biyu zuwa sama, a kira shi a ɗauki hoton bayan idonsa a kai a kai. Ba likita ke ɗauka ba, ma'aikaci ne da aka horar, wani ya duba hotunan, wanda aka ga alama a idonsa shi kaɗai ake tura wa likita. Wani nazari da ya fito a 2014 ya nuna cewa, karon farko cikin shekara hamsin, ciwon sukari ya sauka daga matsayin babban sanadin makantar masu ƙarfin aiki a Ingila da Wales. Kyamarar da ke wannan aiki yanzu har ta riƙewa a hannu akwai, hoton kuma waya na iya aika shi. In aka ajiye guda a babban asibitin Dutsin-Ma, guda a na Kurfi, a ranar da masu sukari ke zuwa karɓar magani, aka koya wa nas biyu ɗauka, aka sami likita a Katsina mai duba abin da aka turo, an rufe mafi girman giɓin. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana nan tun 2011 cike da matasa masu iya sarrafa kwamfuta, ba mutane aka rasa ba.

Kafin a samu haka, nauyin yana kan mai ciwon da iyalinsa. Wanda aka ce yana da ciwon sukari irin na manya, a duba bayan idonsa tun a lokacin, domin cutar takan daɗe a jiki kafin a gano ta: a babban binciken da Birtaniya ta fitar da sakamakonsa a 1998, fiye da ɗaya cikin uku na sababbin majinyata an same su da alamar ɓarna a ido tun ranar farko. Daga nan kuma duk shekara, ko ido na gani kamar na shaho. Mace mai sukari in ta sami juna biyu, a duba ta tun farkon cikin, don cutar takan yi sauri a lokacin. Gwajin tabarau a kasuwa ba dubawa ba ne. In ba a ɗiga magani an buɗe baƙin ido ba, ko an ɗauki hoton cikinsa, ba a duba ba. Sannan hawan jini abokin tafiyar sukari ne wurin fasa jijiyoyin nan, wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya bai gama aiki ba.

Kawu ya koma Kano sau biyu aka kammala masa idon hagu. Na daman, jinin ya ɗan washe bayan watanni, aka samu aka yi masa ƙuna a inda haske ke iya shiga, amma tabo ya riga ya ja cibiyar, inuwar mutum kawai yake gani da shi. Shekara shida ke nan. Ya mai da kekensa bakin rumfa inda haske ya fi yawa, ya daina karɓar aikin dare ko da na sallah ne, ƙwayoyinsa kuma yanzu a aljihun gaba suke tare da carbi. Zuwana na ƙarshe na tarar yana yi wa wata rigar makaranta kalmasa. Zare ya tsinke, na miƙa hannu zan zura masa.

"Bari, ɗan nan," ya ce. Ya karkata kai ta hagu, ya lashi bakin zaren, ya zura.